Zawiyya da halwa: ginin da ya riƙe Hausawan Mai Wurno da Jazira

Mai Wurno ƙaramin gari ne a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu kaɗan da birnin Sinnar a Sudan. A nan da sauran ƙauyukan Hausawa na Jazira, ginin da ya fi daɗewa yana haɗa kan jama'a shi ne zawiyyar 'yan ɗarika da halwar da ke jikinta, inda ake karatu, a sauke baƙo, a sasanta masu rigima.

Tarihin ya faro ne daga Sakkwato. A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci birnin, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da ɗimbin jama'a. An kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yuli na shekarar, sai ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira. Wajen 1906 suka sauka a ƙauyen Shaikh Talha, daga baya suka ƙetare kogi suka kafa garin da ya ɗauki sunansa. Fulani ne da Hausawa da sauran mutanen yamma.

Masu hijirar sun zo da ɗariƙunsu. Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo gidan Ƙadiriyya ne, amma a cikin waɗanda suka bar Burmi har da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna a Madina ya zama babban malamin Tijjaniyya. Alhazan yamma da yawa sun karɓi wuridi a hannunsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Tijjaniyya ta yi ƙarfi a tsakanin Hausawan Sudan.

A can sun tarar da tsarin da mutanen ƙasar ke kira masid: masallaci, da halwa, wato makarantar allo da ake kuma kwantar da baƙi, da wutar da almajirai ke kewayewa suna karatun dare. Bahaushe bai ga baƙon abu ba, domin tsangayar da ya baro ce. A yawancin ƙauyuka ginin yakan fara da rumfar kara, ya koma na ƙasa, sai bulo da kwano idan jama'a sun yi karo-karo bayan kaka. A nan ake wazifa kullum, da zikirin yammacin Juma'a, da Maulidi.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga na Jazira ya buɗe, ya kuma buƙaci hannu. Maniyyata daga Kano, Katsina, Damagaram da Maraɗi da ke tafiya Makka a ƙasa sukan tsaya su yi ƙwadago su tara guzuri. Wanda ya iso ba shi da kowa, zawiyya yake nufa. Muƙaddami ya ba shi wurin kwana, ya haɗa shi da mai gona, wani lokaci ya riƙe masa ajiyar kuɗin jirgin ruwa. Wasu sun isa Makka, wasu aure da haihuwa suka zaunar da su. Masanin nan C. Bawa Yamba ya rubuta littafi a 1995 kan waɗannan mutane da har jikokinsu ke ɗaukar kansu matafiya aikin hajji.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi shaidar cewa iyayen mutum suna Sudan tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar zuriyar masu hijirar Burmi a waje. Ga wanda hukuma ke yi wa kallon baƙo, zawiyya ce ta san sunan kakansa da garin da ya fito.

Yau wannan gado yana cikin haɗari. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 ya raba dubban Hausawa da gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya kai Wad Madani a Disamban shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, kafin sojoji su ƙwato biranen biyu. Bango idan ya faɗi ana sake ɗaga shi, amma Alƙur'anin da kaka ya rubuta da hannu, da ijazar da ke ɗauke da salsalar malamai, idan sun ƙone shi ke nan. Waɗannan takardu ne ke nuna cewa jama'ar sun haura shekara 100 a gaɓar Nilu. Ɗaukar hotonsu da wayar hannu, a aika wa dangi a Kano ko Maraɗi, aiki ne da kowane almajiri zai iya yi tun dattawan da suka san labarinsu suna raye.