Man askin Ingila a ruwan Figil

'Yan shekarun nan man aski na Ingila ya fara iso mana ta hannun masu dawowa daga Turai, kuma samarin da ke kallon bidiyo a waya sun ɗauke shi maganin duk wata matsalar fuska. Sunaye uku ake yawan ambata, dukkansu tsofaffin gidaje na Landan: Truefitt & Hill na 1805, da Taylor of Old Bond Street na 1854, da Geo. F. Trumper na 1875. Na Taylor mai ƙamshin sandal shi na yi wata biyar ina aiki da shi, bayan wani ɗan'uwa ya kawo mini tsaraba.

Maganar gaskiya, man yana da kyau. Lakuce kamar ƙwayar gyaɗa, a murza da jiƙaƙƙen burushi, sai kumfa mai kauri ta tashi. Akwai gilisarin a ciki mai riƙe danshi, gashi ya yi laushi, reza ta riƙa sulɓewa ba ta karce fata. Kumfar gwangwani da ake sayarwa a Garwa ba ta kama ƙafarsa ba.

Amma Figil ba Landan ba ce. Garinmu a kan dutsen farar ƙasa yake, abin da ya kawo masana'antar siminti ta CIMENCAM ke nan, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yana kashe kumfar sabulu. Da ruwan rijiyarmu kumfar takan tsinke, sai na tafasa ruwan ya huce tukuna take tsayawa. Da hunturu kuwa, kafin ka gama kunci ɗaya, ɗayan ya bushe ƙayau. Dole a riƙa shafawa kashi-kashi.

Inda na fi saɓa wa samarin shi ne batun ƙurajen aski. Yawancinmu muna barin gemu, wuya da ƙeya da kai muke askewa, kuma nan ƙurajen suka fi addabar mutane. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka aske shi ƙwal, musamman aka bi shi ta baya, tsininsa kan lanƙwasa ya koma cikin fata, wurin ya kumbura. Babu man da zai hana wannan, ko daga fadar Sarkin Ingila ya fito. Wani abokin aikina da ƙeyarsa ta cika da tabo ya ari nawa na sati biyu, bai ga canji ba, sai da ya koma bin kwanciyar gashi, ya daina maimaita reza a wuri ɗaya.

Sannan ga abin da ya fi tabo haɗari. Ciwon hanta nau'in B yana bin jini, kuma askar da ta yanki wani tana iya ɗauko shi. Na ga mai tinƙaho da man Landan ya miƙa kansa ga askar da ba a canza ba. Ɗalibaina maza nakan ce musu su sayi sabuwar reza a tebur, su buɗe takardarta da hannunsu a gaban wanzami, ko da ruwa da sabulun wanka kawai zai jiƙa musu kan.