Ciwon Mara Mai Tsanani Ga Mace Mai Neman Haihuwa

Mata da yawa sukan ji ciwon mara idan al'adarsu ta zo. Yawanci ciwon yakan lafa bayan kwana ɗaya ko biyu. Amma akwai ciwon marar da ya wuce misali. Yakan kwantar da mace kowane wata. Ba ta iya daka, ba ta iya girki, wani lokaci har da amai. Idan kuma aka yi shekaru da aure babu ciki, sai abin ya zame mata biyu: ga ciwo, ga gorin haihuwa.

Ɗaya daga cikin cututtukan da ke kawo haka shi ne wanda likitoci ke kira indomitiriyosis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa mace 1 cikin 10 na matan da ke shekarun haihuwa tana da shi. Wato mata kimanin miliyan 190 a duniya.

Mene Ne Wannan Ciwo?

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai laushi. Kowane wata takan yi kauri don ta karɓi ciki. Idan ciki bai shiga ba, sai ta zube. Wannan shi ne jinin al'ada.

A jikin mai wannan ciwo, wata tsoka mai kama da wannan shimfiɗa takan tsiro a wajen mahaifa. Takan fito a jikin ma'ajiyar ƙwai, ko hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, ko kan hanji, ko kan mafitsara. Idan lokacin al'ada ya yi, ita ma takan kumbura ta yi jini. To amma wannan jini ba shi da hanyar fita. Sai ya kwanta a ciki, wurin ya yi kumburi da zafi. A hankali sai tabo ya fito, kayan ciki su riƙa mannewa da juna.

Wannan tabo yana iya toshe hanyar ƙwai. Kumburin kuma yana iya hana ƙwan mace haɗuwa da maniyyi. Shi ya sa ciki kan yi wuyar samu.

Ba a ɗaukar wannan ciwo daga wani. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba kuma laifin mace ba ne.

Alamominsa

1. Ciwon mara mai tsanani, wanda kan fara tun kafin jini ya zo.
2. Jin zafi can ciki lokacin saduwa ko bayanta.
3. Jin zafi wajen bayan gida ko fitsari, musamman a kwanakin al'ada.
4. Ciwon baya, kumburin ciki da yawan gajiya.
5. Zubar jini da yawa.
6. Daɗewa ba a sami ciki ba.

Ba kowane ciwon mara ne wannan ciwo ba. Ciwon sanyi da ƙarin mahaifa su ma suna kawo irin waɗannan alamu, kuma maganinsu daban ne. Saboda haka sai an je asibiti za a rarrabe. Likita zai yi tambayoyi, ya duba, ya sa a yi hoton ciki. Wani lokaci hoton ba ya nuna komai, alhali ciwon yana nan. A nan akan yi ƙaramar huda kusa da cibiya, a zura na'ura mai madubi a leƙa cikin.

Inda Gizo Ke Saƙa

Har yanzu babu maganin da ke raba mace da wannan ciwo gaba ɗaya. Amma akwai masu rage shi sosai. Mafi yawansu magungunan tsarin iyali ne: ƙwayar da ake sha kullum, allurar wata 3, ashanar hannu, da robar mahaifa mai ɗauke da magani. Suna rage jinin al'ada ko su tsayar da shi, sai ciwon ya lafa.

To amma duk suna hana ɗaukar ciki muddin ana amfani da su. Kuma shan su na wasu watanni ba ya ƙara wa mace damar haihuwa daga baya. Allurar wata 3 ma takan jinkirta dawowar ciki bayan an bari, wani lokaci har kusan shekara.

Don haka mace ta faɗa wa likita tun da farko cewa haihuwa take nema. Kada kunya ta hana ta. Wannan magana ita za ta sa likita ya zaɓar mata hanyar da ta dace.

Rage Ciwo Ba Tare Da Hana Ciki Ba

Gashi da ruwan ɗumi. A zuba ruwa mai ɗumi a gora, a naɗe ta da tsumma, a ɗora kan mara ko ƙugu. Kada ruwan ya yi zafin da zai ƙona fata. Wanka da ruwan ɗumi ma yana taimakawa.

Farasitamol. Shi ne maganin ciwo mafi sauƙin haɗari ga mai neman ciki. Babba yakan sha ƙwaya 2 masu nauyin miligiram 500. A bar aƙalla awa 4 kafin a ƙara. Kada a wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, domin yawansa yana lalata hanta.

Ibufurofen, Dikilofenak da Felvin. Waɗannan dangin juna ne. Sun fi Farasitamol ƙarfi a kan ciwon mara, amma suna da sharaɗi. A sha su a kwanakin jini kawai, bayan an ci abinci. Kada a haɗa biyu daga cikinsu. Kada a sha su a tsakiyar wata, domin suna iya hana ƙwai fita. Idan al'ada ta yi jinkiri a dakata da su, wataƙila ciki ne ya shiga. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda kada ta sha sai da izinin likita.

Motsa jiki da abinci. Tafiya a ƙasa kaɗan-kaɗan tana sassauta mara. A riƙa shan ruwa sosai da cin ganye kamar zogale, rama da alayyahu. Wannan yana sa bayan gida ya yi laushi, zafin fitarsa ya ragu. Ganye, wake da hanta kuma suna taimaka wa mai zubar jini da yawa.

Sanin Kwanakin Ɗaukar Ciki

Ba kowace rana ciki ke shiga ba. Ƙwan mace yakan fito kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Yakan rayu kwana 1 kacal. Maniyyi kuwa yana iya kai kwana 5 a jikin mace.

Ranar da jini ya fara zuwa ita ce rana ta 1. Ga macen da al'adarta ke dawowa bayan kwana 28, kwanakin da ciki ya fi shiga su ne daga rana ta 10 zuwa ta 15. Ba dole ba ne a sadu kullum. Saduwa bayan kowane kwana 2 ko 3 ta wadatar. Wannan sauƙi ne ga macen da ke jin zafi.

Yana da kyau mace ta sami ɗan littafi. Ta rubuta ranar da jini ya zo, ranar da ya ɗauke, da kwanakin da ciwo ya tsananta. Ta rubuta maganin da ta sha. Rubutun wata 3 zai taimaki likita ƙwarai.

Haka kuma ta fara shan ƙwayar folik asid kullum tun kafin ciki ya shiga. Ana samun ta a asibitin awo. Tana kare jariri daga nakasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwa.

Abubuwan Da Za A Guje Wa

Yankan gishiri ba ya maganin ciwon mara, ba ya kawo haihuwa. Ciwon yana can cikin ciki, inda aska ba ta kaiwa. Abin da yankan ke jawowa shi ne zubar jini da yoyon fitsari.

Cusa ganye, kanwa ko haɗin matsi a gaba yana ƙona wurin. Yana kawo ƙwayoyin cuta da tabo, sai matsalar haihuwa ta ƙaru.

Tiramol da kodin suna kama mutum har ya kasa bari. A shekarar 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi saboda ɓarnar da yake yi. Kada a saye su a kemis ko wajen masu talla don ciwon mara.

Aikin Maigida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Miji ya yarda cewa ciwon gaskiya ne, ba raki ba. Idan matarsa ta ce tana jin zafi wajen saduwa, ya sassauta, ko su canza kwanciya, ko su bari sai wata rana. Ya kare ta daga gorin dangi.

Shi ma ya je a gwada maniyyinsa. Gwajin mai sauƙi ne. Rashin haihuwa yakan zo daga mace, yakan zo daga namiji, yakan kuma zo daga su biyun.

Yaushe Za A Je Asibiti?

Ma'aurata su ga likita idan sun yi shekara 1 suna nema babu ciki. Idan macen ta kai shekara 35, wata 6 ya isa. Mai ciwon mara mai tsanani kuwa kada ta jira. Ƙwan mace yana raguwa da shekaru, jinkiri asara ne.

A fara da asibitin da ke kusa, a nemi takardar turawa zuwa wurin likitan mata. Akwai sashen mata a manyan asibitoci, kamar asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri.

Likita yana iya ba da shawarar tiyata don a cire tsokar da ta tsiro, a raba abin da ya manne. Wannan yakan rage ciwo, kuma wasu matan sukan sami ciki bayansa. Amma yawan yi wa ma'ajiyar ƙwai tiyata yana rage ƙwai. Don haka a yi tambaya sosai kafin a yarda. Idan hanyoyin ƙwai sun toshe, akwai dashen ciki. Akan haɗa ƙwan matar da maniyyin mijinta a asibiti, sannan a mayar cikin mahaifarta. Sai dai yana da tsada.

Idan Ciki Ya Samu

Mata da yawa masu wannan ciwo sun haihu, wasu ma ba tare da tiyata ba. Ciwon yakan lafa lokacin goyon ciki da shayarwa. Amma yana iya dawowa idan al'ada ta dawo. Haihuwa ba ta warkar da shi.

A fara awo da wuri. Masu wannan ciwo sun fi sauran mata haɗarin ciki ya zauna a wajen mahaifa. Idan al'ada ta yi jinkiri, sannan aka ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko ɗigar jini, ko jiri da suma, a garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Wannan yana iya kashe mace cikin 'yan awoyi.

Ciwon da ke kwantar da mace kowane wata ba abin a yi shiru a kansa ba ne. Ta rubuta kwanakinta, ta faɗa wa mijinta, su tafi asibiti tare tun da sauran lokaci.