Motar kira: kafin ciwo ya zo, a san wanda za a kira

Hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogonduci, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram ba ta rasa mota dare da rana. Amma garin da ke kilomita 15 daga bakinta, sau da yawa ba ya ganin mota sai ranar kasuwa. Naƙuda kuwa ba ta san ranar kasuwa ba.

Mun saba da amalanke, kuma ba mu rena shi ba. Sai dai kilomita 15 cikin rairayi kan ci awa 3 ko fiye, alhali macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa 2. Gwamnati ta yafe kuɗin aikin fiɗa na haihuwa tun 2005, ta ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006. Wannan rangwame a ƙofar likita yake jira. Wadda ba ta isa can ba, bai amfane ta ba.

Tun da wayar salula ta shigo ƙasarmu wajen 2001, abin hawa ya zama abin kira. Ana buga wa mai kabu-kabu, ko mai babur mai ƙafa uku, ko direban kasuwa, ya zo har ƙofar gida. Amma mun lura kiran tsakar dare yana da tsada, domin mai gaggawa ba ya ciniki. Wani maigidan sai ya tsaya neman rance, ko neman mai sayen akuya, gari ya waye.

Shi ya sa muke ganin a yi shiri tun ana lafiya. Maigari, ungozoma da ƙungiyar mata su zauna da direbobi biyu ko uku, a yanke farashin zuwa likita, na rani daban, na damana daban, tunda ƙorama in ta kawo ruwa sai an yi zagaye. A rubuta lambobinsu da farashin a takarda, a liƙa a makarantar yaƙi da jahilci. Ga aikin da karatunmu zai yi. A kafa asusu kuma, kowane gida ya zuba bayan girbi, a biya direba nan take, mai ciwo ya mayar daga baya. A gundumar Keita an taɓa yin irin wannan: kowane mai zuwa likita ya ƙara dala 20 don man motar ɗaukar marasa lafiya.

Hattara da babur mai ƙafa biyu: bai dace da macen da ke zubar jini ko jijjiga ba. Ita sai a kwance.

Direba ba zai rayu da jiran marasa lafiya kaɗai ba. Masu garakar tumatir da salati su haɗa kayansu, su kira shi rana ɗaya, su raba kuɗin hayar bisa yawan kwandunansu.