Ruwan Da Ke Toshe Jijiyar Jini Ba Tare Da Tiyata Ba

Toshe jijiya hanya ce da likitocin sashen hoto ke bi su tsayar da zubar jini daga cikin jijiyar kanta. Likita kan zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta tsintsiyar hannu, bisa dabarar da Sven-Ivar Seldinger na ƙasar Suwidin ya fito da ita a 1953. Yana kallon bututun a allon na'urar hoto har ya kai inda ciwon yake, sannan ya tura abin toshewa.

Abubuwan toshewa na ruwa iri uku ne suka fi shahara. Na farko gam ne, ɗan'uwan sufa-gulu, wanda ke daskarewa cikin daƙiƙu da zarar ya taɓa jini. Don haka akan fara wanke bututun da ruwan sukari, a gauraya gam ɗin da Lipiodol, man da aka ƙirƙiro a Faransa a 1901, domin ya jinkirta daskarewar kuma ya fito a hoto. Na biyu shi ne Onyx, wanda Amurka ta amince da shi a 2005 don cukurkuɗaɗɗun jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Shi yakan fara ƙanƙarewa daga waje, cikinsa na ci gaba da malala, abin da ke ba likita damar turawa sannu a hankali. Na uku tsantsar sinadarin etanol ne, mai ƙona bangon jijiya ta rufe.

Fifikon gam a kan 'yar wayar ƙarfe da ake cusawa a jijiya shi ne bai dogara da daskarewar jinin majinyaci ba. Wannan na da muhimmanci ga mai jegon da jininta ya tsinke, ko wanda ya yi hatsarin mota. Sau da yawa toshewar kan ceci mahaifa daga cirewa. Haɗarin gam ɗin kuwa shi ne ruwan ya zarce zuwa lafiyayyar jijiya, ko bututun ya manne a ciki.

Aikin na buƙatar ƙwararren likita, da ɗakin hoto na musamman, da wutar da ba ta yankewa. Ga mazauna Badawa da kewayen Nasarawa a Kano, matakin farko shi ne gaggauta kai mai zubar jini asibiti, kamar na Muhammad Abdullahi Wase ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda likitoci za su zaɓi hanyar da ta dace da shi. Jinkiri ne babban abin da ke halaka mai zubar jini.