Daga Dutse zuwa Jidda, awa nawa ne?

Tun da aka buɗe filin jirgin saman Dutse a 2014, zamanin Gwamna Sule Lamido, maniyyatan Jigawa suka samu damar tashi zuwa ƙasa mai tsarki daga gida. Tambayar da ba ta ƙarewa a sansanin alhazai ita ce: awa nawa za mu yi a sama?

Tsakanin Dutse da Jidda akwai kimanin kilomita 3,350 a miƙe. Babban jirgin jigila, idan ya lula sama ya daidaita, yakan ci kilomita 850 zuwa 900 a awa guda. A lissafin ɗan makaranta, tafiyar ba za ta cika awa huɗu ba, amma a zahiri, ko da an bi hanya mafi kusa, takan doshi huɗu da rabi. Dalili kuwa, jirgi ba ya fara wannan gudun daga ƙasa. Sai ya gangara a hankali zuwa bakin titinsa, ya jira izinin hasumiya, sannan ya ɗauki kusan minti ashirin yana hawa. Saukowa takan ci kusan rabin awa, matuƙi yana rage gudu, wani lokaci har ya yi ta shawagi don akwai jirage a gabansa.

A gajeriyar tafiya aka fi ganin wannan. Jidda zuwa Madina bai kai kilomita 350 ba ta sama, abin da cikakken gudu zai cinye cikin minti ashirin da biyar. Duk da haka kusan awa guda ake rubutawa a tikiti, domin jirgin bai gama hawa ba sai ya fara shirin sauka.

Sai kuma agogo, wanda ya fi komai rikita tsofaffinmu. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe goma na dare, agogon hannunsa zai nuna biyu da rabi a lokacin sauka, na bangon filin Jidda kuma huɗu da rabi, asuba ta gabato. Ya kamata malaman bita su riƙa nanata wannan, saboda lokutan salla.

Kuma sama ba dajin Allah ba ce. Kowace ƙasa tana da iko da samaniyarta. Hanyar Jidda mafi kusa ta ratsa Chadi da Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazan Najeriya suka yi zagaye. Dutse ba ta matsa ba, Jidda ma haka, amma tafiyar ta ƙaru da awoyi, man da jirgi ke sha ya ƙaru, har kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowace kujera.