In Ba Ki Da Magani, Sai Ki Yi Shiru?

'Yan'uwana mata na Likoro da kewaye, akwai wata magana da ta zama yayi a wuraren taro yanzu, watau a ce wa mutum, "Kada ka kawo mana matsala sai ka zo da maganinta." Ana faɗinta a taron malamai, ana faɗinta a taron ƙungiyoyin mata, har cikin gida ma maigida kan ce, "To, ke yaya kike so a yi?" In matar ba ta da amsa, shi ke nan, magana ta mutu. Ba na cewa babu hikima a cikinta. Kowacce daga cikinmu ta san irin matar nan da ba ta zuwa taro sai da ƙorafi, miya ta yi gishiri, tabarma ta yi gajarta, ba ta kuwa taɓa ɗaga tsinke ba. Domin irinta aka ƙago maganar. Amma ni a ganina dokar ta wuce gona da iri, tana rufe bakin wadda ta ga abu da idonta, ita ce kuwa aka fi bukatar a ji. Bari in ba ku labarin abin da ya faru a Jihar Zamfara, ku auna da kanku.

Cikin farkon shekarar 2010 agwagi suka fara ɓacewa a waɗansu ƙauyuka na ƙasar Anka da Bukkuyum. Mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗauki abin da nauyi, balle a kai shi gaba. Ku kuwa kun san ko wane ne ke kiwon agwagi da kaji a gidan Bahaushe. Ba a daɗe ba sai ciwo ya faɗa wa yara ƙanana, amai, ciwon ciki, jijjiga, suma, sa'an nan mutuwa. Cikin watan Maris na shekarar ne labari ya kai ga likitocin ƙungiyar nan ta Na Gari Na Kowa, wadda ake kira MSF, suna cikin aikin sa ido a kan sanƙarau. Su ma da fari ba su san ko mene ne ba. Aka yi ta ba yara maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, a banza. Sai da aka ɗebi jinin yaran aka aika da shi Turai, sa'an nan aka gane ashe gubar dalma ce.

Ga yadda abin yake. Zinariya ta yi tsada a duniya, mazan ƙauyukan suka shiga haƙo duwatsu, suna kawo su cikin gida. A tsakar gida ake fasa su, a daka a turmi, a niƙa a inji, a shanya. Duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙurarsu ta bi ƙasa, ta bi kwanuka da ruwan sha, yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki. Da masu bincike daga Amurka suka zo cikin watan Mayu suka bi ƙauyuka biyu gida gida, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya bisa huɗu. Jimlar yaran da gubar ta kashe a jihar ta kai 400, ko fiye. Allah ya ba iyayensu haƙuri. A lokacin binciken nan ne mutanen gari suka ba da labarin agwagin, bayan ɓarna ta riga ta auku.

To, yanzu ku dubi maganin da aka yi. Sai da aka kankare ƙasar saman tsakar gidaje da ta ɗakuna a Dareta da 'Yargalma da sauran ƙauyuka, aka kwashe aka binne, aka zubo sabuwa mai tsabta. Bayan haka ne aka shiga ba yara wani magani mai kama dalma a cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, domin in an ba yaro magani ya koma gida mai guba, aikin baban giwa ke nan. Don Allah wace mace ce a Dareta za ta iya zuwa gaban dagaci da wannan shawara? Babu. Likitocin da kansu ba su zo da ita a aljihu ba. Da za a bi dokar nan ta "sai kin zo da magani", ba mai ikon buɗe baki duk faɗin ƙasar. Alhali kuwa abin da ake bukata daga matar gida ƙanƙane ne ƙwarai: "Agwagina sun ƙare, na maƙwabta ma haka, ba mu san dalili ba."

Ba na cewa da an faɗi haka lalle da ba wanda ya mutu. Watakila da an yi mata dariya. Akwai kuma wani abin da ya ƙara ɗaure bakin mutane, watau tsoron kada Gwamnati ta hana haƙar zinariya, abincinsu ke nan. Amma dai kowane mako da aka yi ana shiru, yara suna nan suna rarrafe cikin ƙurar. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Har wa yau faɗi sau ɗaya ba ya isa. Garin Bagega ya fi sauran girma, an kuma san da gubar a cikinsa, an san maganin, amma kuɗin aikin ya maƙale a hannun Gwamnatin Tarayya. Cikin 2012 wani saurayi, Hamzat Lawal, da abokansa suka tasa maganar a gaba, suna ta yayata ta a intanet da wajen 'yan majalisa. Shi ba likita ba ne, ba kuma shi zai kankare ƙasa ba. Cikin Janairu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da izinin sakin kuɗin, aka share Bagega a wannan shekara, yara suka samu shiga magani.

Kada wata ta ce ai Zamfara da nisa. Manoman tumatir na ƙasar Kudan da Makarfi da Ikara ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da suke kira sharon ta cinye gonaki. Asalinta daga Amurka ta Kudu take, tana kuwa shigewa cikin ganye ta ci daga ciki, shi ya sa feshin da aka saba bai cika samunta ba. Cikin watan Mayu Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi shelar cewa abin ya zama annoba, ta aika ma'aikata ƙasar Kenya su koyo dabara. Ku duba fa, Gwamnati sukutum ta yi kururuwa tun ba ta da magani a hannu, ba wanda ya ce ta yi rashin kunya. Sai yarinya amarya ce za a ce ta yi shiru sai ta samo dabara? Su mutanen Japan masu ƙera motar Toyota igiya suka rataya a ma'aikatarsu, ƙaramin ma'aikaci in ya ga abin da bai gamshe shi ba sai ya ja, fitila ta kama, shugaban aiki ya zo ya duba. Ba a tambayarsa gyara tukuna.

Mu malaman makaranta muna ganin irin wannan kullum. Yarinya tana zaune a baya, tana matse ido, rubutunta ya bi ta kan layi. Malama ba likitar ido ba ce, ba ta san ko tabarau ake bukata ko wani abu dabam ba. In ta jira sai ta sani, yarinyar ta gama aji uku ana kiranta daƙiƙiya. Haka uwar miji ko kishiya da ta ga mai jego ƙafafunta sun kumbura, tana haki in ta kwanta. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun yi bincike mai yawa cikin shekarun 1970 a kan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Zazzau, alamominsa kuwa ke nan. Wadda ta gani ba sai ta san sunan ciwon ba kafin ta ce a nemi mota.

Sai dai akwai ladabin kawo matsala, shi ne ya raba ta da tsegumi. Mai tsegumi bakin rijiya take kai maganarta, ko gidan suna, inda ba mai iya yin kome a kai. Ita kuwa mai kawo matsala wurin mai alhakin abin take nufa, maigida, ko mai unguwa, ko shugaban makaranta, ko malamin asibiti. Sa'an nan ta faɗi abin da idonta ya gani, ta bar abin da zuciyarta ta raya mata. "Rijiyar nan an yi mata asiri" ba labari ba ne. Amma "tun ran Talata ruwan ya sake wari, gida uku masu sha daga ciki yaransu suna gudawa", wannan magana ce da malamin tsabta zai iya ɗauka ya yi aiki da ita. In tana da shawara ta kawo, madalla. In babu, ta ce, "Ban san yadda za a yi ba, amma ga abin da na gani," ba abin kunya ba ne.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi da iyayen gida, na san abin da kuke gudu, kada a tara muku kaya a ka a tafi. Gaskiyarku. Amma maimakon "Ina maganin?" ku gwada tambayar "Yaushe kika fara gani? Wa kuma ya gani?" Mai ƙorafin banza ba ta jure tambayoyin nan, nan da nan za ta kama kame-kame. Mai gaskiya kuwa za ta ba ku rana da wuri.

A ƙasarmu ta rake da tumatir abin da na fi so mu sa wa ido shi ne maganin feshi. Ana ajiye shi a ɗaki ɗaya da hatsi, galan ɗinsa kuma in ya ƙare a ɗauraye a zuba ruwa ko man gyaɗa. In kaji suka fara faɗuwa bayan an wanke tankin feshi a tsakar gida, ko yaro ya kama amai da dalalar da miyau ran da aka yi feshi, a kai yaron asibiti nan take, a riƙa kwalbar maganin a tafi da ita, domin sunan da ke jikinta shi likita zai fara tambaya. Zancen kajin kuma a gaya wa malamin gona, in ya gagare shi ya san hanyar Hunƙuyi da ta Samaru.