Tallan dole a zaurukan 'yan kasuwar Gombe

Duk wanda yake cikin zauren WhatsApp na 'yan kasuwa a Gombe ya san yadda abin yake farawa. Mutum ashirin ne masu sana'a ɗaya, a ce dillalan Tudun Hatsi, za su buɗe zaure don su riƙa sanar da juna nawa buhun masara ko wake ya kwana, wace mota ke lodin Kano, wane baƙo ne ya ci bashi ya yi layar zana. Sai wani ya saka ƙaninsa, ƙanin ya saka abokinsa mai sayar da data. Kafin ka ankara, ka buɗe waya bayan asuba ka tarar da hotunan atamfa da leshi, da turaren wuta, da fili na sayarwa a Tumfure, da mai maganin basir da saƙon muryarsa na minti bakwai. Farashin da ka shigo nema yana can ƙasa, an binne shi.

Ba wanda zai ga laifin mai neman halaliyarsa. Matan aure da yawa da ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe ba su da kuɗin hayar shago, wayar ce shagonsu, kuma da rashin tayi akan bar arha. Jihar ma da kasuwanci take tutiya, tunda ita ta zo ta ɗaya a 2021 da 2023 a jerin gwamnatin tarayya na jihohin da suka fi sauƙin gudanar da kasuwanci.

Abin dubawa shi ne wa ke biyan kuɗin tallar. A Babbar Kasuwa mai talla da maƙogwaronsa yake biya, da ƙafarsa, da kuɗin rumfa. In ya matsa maka ka ce "Allah ya kawo kasuwa," ka wuce. In ya baje haja a layin da ba nasa ba, shugabannin kasuwa su tashe shi. A waya kuwa lissafin ya juye. Mai tura hoto talatin sau ɗaya ya kashe datarsa, amma duk wanda wayarsa ke sauke hoto da kanta sai ya biya da tasa datar, ma'ajiyar wayarsa ta cike, ya ɓata lokacin gogewa. Da can zaure bai wuce mutum 256. Tun 2022 yana iya ɗaukar 1,024. Ribar ta mutum ɗaya ce, ɗawainiyar ta jama'a.

Kamfanin WhatsApp ya ɗan yi ƙoƙari. A 2018 ya bai wa shugabannin zaure damar kulle bakin kowa sai nasu, a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda. Akwai sitatus, akwai WhatsApp Business mai wurin jera haja da farashi, inda sai mai so zai leƙa. Lambar 2442 da hukumar sadarwa ta NCC ta fito da ita a 2016 tana tare tallan tes ne, ba ta isa zaurukan WhatsApp ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum ikon cewa kada a yi amfani da bayanansa a tallata masa kaya, amma wa zai kai ƙarar 'yar ƙanwar babarsa don ta kwashi lambarsa a zauren biki?

Nan gizo ke saƙar. Maɓallin korar mutum na hannun admin, kunya ce ta ɗaure hannun. Mai damun zauren surukinsa ne, ko tare suke sahu a masallacin unguwa a Jekadafari. Iyakarsa ya rubuta, "Don Allah jama'a a kiyaye, ba wurin talla ba ne." A amsa da "Allah ya huci zuciyar shugaba," bayan La'asar a ci gaba daga inda aka tsaya. Zaurukan da na ga sun zauna lafiya su ne waɗanda suka ware wa talla rana ɗaya a mako, suka ƙayyade yawan hoto, kuma suka fara zartar da hukuncin a kan na kusa da shugaba.

Atamfa dai ba ta taɓa talauta kowa ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai cewa "zuba dubu hamsin ka kwashi dubu ɗari a wata guda," da mahaɗin rajista a ƙasa. Ba don Allah yake yaɗawa ba, kamasho ake ba shi a kan duk wanda ya jawo, shi ya sa ba ya gajiya. Da irin wannan jawo-ni-in-jawo-ka harkar zuba kuɗi ta MMM ta cika ƙasa kafin ta kulle kuɗin mutane a Disambar 2016, haka CBEX da ta rushe a Afrilun 2025. Zauren 'yan kasuwa kuwa shi ya fi musu daɗi, don masu jari ne a ciki kuma sun yarda da juna. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu kafa irin wannan harka da masu tallata ta.